Kurakurai a shirye-shiryen sabar: tambayoyi da amsoshi kan cafke su da ba da rahotonsu

Duk kuskuren da ya faru a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet tana miƙa shi ga baƙi, yana da masu sauraro biyu. Akwai baƙon da ya buɗe shafi, wanda ba ya buƙatar komai sai a gaya masa abu bai yiwu ba da kuma abin da zai yi yanzu. Akwai kuma mai gyara, wanda yake buƙatar sunan fayil, lambar layi, lokaci da duk abin da ya kai ga faɗuwar. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa daga cakuɗa waɗannan biyun suke tasowa. Misalan sun fi karkata ga PHP, amma an taɓo Python da Node.js inda halinsu ya bambanta.

Shafina ya fito fari fat, ko harafi ɗaya babu. Daga ina zan fara?

Kada ka fara taɓa kod tukuna. Buɗe kayan binciken burauza, ko ka yi amfani da `curl -i` da adireshin shafin, ka ga lambar HTTP da sabar ta mayar, wato lambar da ke faɗin ko buƙata ta yi nasara. Idan 500 ce, shirin ya faɗi kuma an hana shi bayyana dalili a shafi, wanda shi ne daidai. Dalilin yana cikin kundin rahoto, wato fayil ɗin da masu aikin ke kira log.

Inda kundin yake ya danganta da tsarin da kuma manhajar sabar, Apache ko Nginx. Apache a kan Debian ko Ubuntu yana rubutawa a `/var/log/apache2/error.log`, a dangin Red Hat kuwa `/var/log/httpd/error_log`. Na Nginx shi ne `/var/log/nginx/error.log`. Idan an cika saitin `error_log` a cikin `php.ini`, to can PHP zai riƙa zubawa, ba a waɗancan ba. Hanya mafi sauri ita ce ka buɗe kundin da `tail -f`, ka sake loda shafin, ka kalli layin da zai shigo a daidai lokacin.

Idan ba abin da ya shigo, abu uku ake dubawa: ko `log_errors` a kashe yake, ko asusun da sabar ke aiki da shi ba shi da izinin rubutu a fayil ɗin, ko kuma faifan ajiya ya cika. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ne mai ɓata lokaci, domin PHP ba zai tsayar da shafi don ya kasa rubuta rahoto ba.

Me zai hana in bar `display_errors` a kunne, in huta?

A kwamfutar da kake gwaji, ka bar shi a kunne. A sabar da jama'a ke shiga, a'a. Saƙon kuskure yana fallasa cikakkiyar hanyar fayilolinka, sunayen teburan rumbun bayanai, guntun umarnin SQL, wani lokaci har da ƙimomin da aka miƙa wa aikin da ya faɗi. Mai neman ɓaraka da gangan yake aiko da shara a cikin fom don ya ga abin da za ka tona da kanka.

Akwai wata illa da ba kowa ya lura da ita ba. Idan kuskure mai kashe shiri ya auku alhali `display_errors` na kashe, PHP yana mayar da lamba 500. Idan yana kunne, sai ya buga saƙon a shafi ya bar lambar a 200, wato ya ce lafiya lau. Na'urar da ka sa tana sa ido kan shafin za ta ga 200 ta yi shiru.

Haka abin yake a manyan tsare-tsaren gina shafi, har ma ya fi muni. Shafin kuskuren Django idan `DEBUG` yana `True` yakan baje saituna da ƙimomin cikin shiri. Na Flask yana zuwa da wurin rubuta umarnin Python kai tsaye a kan sabar. A shekarar 2021 an bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2021-3129 a Ignition, mai nuna shafin kuskure a Laravel, wadda ta ba maharin damar gudanar da kod a shafukan da aka bari da `APP_DEBUG` a kunne.

Saitin da ya dace da sabar jama'a gajere ne:

```
display_errors = Off
display_startup_errors = Off
log_errors = On
error_reporting = E_ALL
```

Lura cewa `error_reporting` yana nan a `E_ALL`. Abin da aka kashe shi ne nunawa, ba rubutawa ba.

Na sa `ini_set('display_errors', 1)` a saman fayil, amma har yanzu fari yake fitowa.

Kusan tabbas kuskuren nahawu ne, kamar baka da ba a rufe ba ko `;` da ta ɓace. PHP yana karanta fayil gaba ɗaya ya fassara shi kafin ya gudanar da layin farko. Tunda fassarar ce ta gaza, layin da ka sa bai taɓa aiki ba. Ka gudanar da `php -l sunan_fayil.php`, zai faɗa maka layin. Ka duba layin da ya gabace shi ma, domin wurin da mai fassara ya rikice ake nunawa, ba lallai wurin da aka yi kuskuren ba.

Mene ne bambanci tsakanin Notice, Warning, Fatal error da Exception?

`Notice` da `Warning` suna barin shiri ya ci gaba. `Fatal error` yana tsayar da shi nan take. `Exception` kuwa kuskure ne da ake jefawa, ya yi ta hawa daga aikin da ya jefa shi zuwa wanda ya kira shi, har ya samu mai cafkewa. Idan bai samu ba, ya zama mai kashe shiri.

Tun PHP 7, wanda ya fito a 2015, yawancin kurakuran da a da suke kashe shiri sun koma abin jefawa a ƙarƙashin ajin `Error`, kamar `TypeError` da `ParseError`. A nan mutane ke tuntuɓe: `catch (Exception $e)` ba ya kama `Error`. Dukansu biyu suna ƙarƙashin `Throwable`, don haka mai son kama komai shi zai rubuta.

Game da gargaɗi, ra'ayinmu shi ne a ɗauke shi da nauyin kuskure. Ɗauki `file_get_contents` da ya kasa buɗe fayil: yana fitar da `Warning`, ya mayar da `false`, shiri ya wuce. Layi na gaba ya miƙa wannan `false` ga `json_decode`, aka samu `null`, layi na uku ya adana fanko a rumbun bayanai a kan bayanai masu kyau. Ba abin da ya faɗi, amma an yi ɓarnar da ta fi faɗuwa. PHP 8 da kansa ya ƙara nauyin wasu, misali amfani da bariyabul da ba a ba shi ƙima ba ya tashi daga `Notice` zuwa `Warning`.

A ina ya kamata in sa `try` da `catch`? In kewaye kowane aiki da su?

A'a. Ka cafke kuskure ne kawai a wurin da kake da abin yi a kansa: sake gwadawa, komawa wata hanya, janye aikin da aka fara a rumbun bayanai, ko fassara shi zuwa saƙon da baƙo zai gane. Idan ba ka da ko ɗaya, bar shi ya hau sama.

Mafi munin kod a wannan fanni shi ne `catch` wanda cikinsa babu komai. Kuskure ya faru, an haɗiye shi, babu rahoto, shiri ya ci gaba kamar an yi nasara. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai ɓoye shi. Bayan wata biyu za a ga lissafi bai daidaita ba, kuma babu sawun da za a bi.

Na biyu a muni shi ne rubuta rahoto a kowane mataki sannan a sake jefawa, sai kuskure ɗaya ya bayyana sau biyar a kundi. Ka zaɓi ɗaya: ko ka magance shi a nan ka rubuta, ko ka jefa shi gaba wani ya rubuta. Idan za ka nannaɗe shi cikin sabon kuskure mai ƙarin bayani, ka riƙe na asali. A PHP ana miƙa shi a matsayin ƙima ta uku, `new RuntimeException("An kasa ajiye oda", 0, $e)`. A Python ana rubuta `raise ... from e`. Idan ka yar da na asali, ka yar da layin da matsalar ta fara.

To wa zai cafke waɗanda na bari suka hau sama?

Mai tsaron ƙarshe guda ɗaya, wanda ake kafawa a farkon shiri kafin komai. Ga mafi ƙanƙantar siffarsa a PHP:

```php
set_error_handler(function ($nauyi, $sako, $fayil, $layi) {
    if (!(error_reporting() & $nauyi)) {
        return false;
    }
    throw new ErrorException($sako, 0, $nauyi, $fayil, $layi);
});

set_exception_handler(function (Throwable $e) {
    $lamba = bin2hex(random_bytes(4));
    error_log("[$lamba] " . $e);
    if (!headers_sent()) {
        http_response_code(500);
    }
    echo "An samu matsala daga wurinmu. Lambar rahoto: $lamba";
});
```

Kashi na farko yana mayar da gargaɗi ya zama abin jefawa, don misalin `file_get_contents` na sama ya tsaya tun a layin farko. Kashi na biyu yana ƙirƙirar lamba mai harafi 8, ya rubuta ta a kundi tare da cikakken bayani, ya nuna wa baƙo ita kaɗai. Idan mutum ya kawo ƙorafi da lambar, `grep` ɗaya ya isa ka gano abin da ya same shi. Wannan 'yar dabara ta fi kowace rage wahala.

Hattara da abu biyu. Kada ka ɗora kashi na farko a kan tsohon shiri rana ɗaya, domin shafukan da suka shekara suna tafiya da gargaɗi za su faɗi gaba ɗaya. Ka fara da rubuta su a kundi, ka gyara, sannan ka tsananta. Kuma ka ware `E_DEPRECATED`, wanda sanarwa ce kan abin da za a cire nan gaba, ba dalilin tsayar da shafi yau ba.

Sannan mai tsaron kansa ya zama marar dogaro da komai. Idan shafin kuskurenka yana ɗauko jerin maɓallan sama daga rumbun bayanai, ranar da rumbun ya faɗi shafin kuskuren ma zai faɗi. HTML tsantsa ya fi.

Akwai kurakuran da wannan mai tsaron ba ya gani?

Akwai. Manya biyu su ne ƙarewar ƙwaƙwalwa da ƙarewar lokaci. Saƙon farko shi ne `Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted`, adadin kuwa shi ne megabait 128 na `memory_limit` na asali. Na biyu shi ne `Maximum execution time of 30 seconds exceeded`. Ba a jefa su, don haka `catch` ba ya kama su, `set_error_handler` ma ba ya ganinsu.

Hanyar kama su ita ce `register_shutdown_function`. A cikinta ka kira `error_get_last()`, idan nau'in `E_ERROR` ne ko `E_PARSE` ko `E_COMPILE_ERROR`, ka rubuta rahoto ka fitar da shafin kuskure. Da yake ƙwaƙwalwa ta riga ta cika, wasu sukan keɓe 'yar ajiya tun farko, kamar rubutu mai kilobait 32, su sake ta a farkon wannan aikin don ya samu wurin numfashi.

Ko wannan yana da iyaka. Idan PHP-FPM, mai kula da ma'aikatan da ke gudanar da kod ɗin PHP, ne ya kashe ma'aikacin saboda `request_terminate_timeout`, ko Linux ya kashe shi saboda ƙwaƙwalwar injin gaba ɗaya ta ƙare, babu layin kod ɗinka da zai sake gudana. Sawun yana kundin FPM ko a `dmesg`.

Ƙara `memory_limit` ba magani ba ne idan dalilin shi ne ɗauko layuka dubu ɗari daga tebur a lokaci guda. A ɗauko su kashi-kashi.

Wace lambar HTTP zan mayar idan abu ya lalace?

Tambayar farko: laifin wa? Idan daga mai aiko da buƙata ne, lambar tana cikin ɗari huɗu da wani abu. Idan daga sabar ne, ɗari biyar. Buƙatar da ba ta karantuwa 400 ce. Wanda bai shiga da asusu ba 401, wanda ya shiga amma ba shi da izini 403. Abin da babu shi 404. Karo da abin da ke akwai, kamar sunan da wani ya riga ya ɗauka, 409. Fom da aka cika amma ƙimominsa ba su inganta ba 422. Mai yawan aiko da buƙata 429. Faɗuwar da ba a zata ba 500, rufewa na ɗan lokaci don gyara kuwa 503 tare da `Retry-After`.

Abin da ba a so shi ne shafi ya rubuta «ba a samu ba» ko «an samu matsala» amma lambarsa 200. Injinan bincike za su ɗauke shi shafi na gaske, ma'ajiyar wucin gadi da ke gaban sabar za ta iya adana shi ta yi ta raba wa mutane, manhajar waya da ke magana da sabar kuma za ta yi ƙoƙarin karanta shi a matsayin amsa mai kyau.

Kishiyar wannan ma matsala ce. Idan wanda ya rubuta adireshin imel ba daidai ba yana jawo 500, kundinka zai cika da abin da ba kuskurenka ba ne, na gaskiyar su nutse a ciki.

Ga masu gina API, wato ƙofar da wasu manhajoji ke magana da sabar ta cikinta, akwai tsari da aka amince da shi na amsar kuskure a JSON, wato RFC 9457 na 2023, wanda ya maye gurbin RFC 7807. Filayensa su ne `type`, `title`, `status`, `detail` da `instance`. Ko ba ka bi shi ba, ka tabbata API ɗinka ba ya mayar da shafin HTML idan ya faɗi.

Ina ganin 502 ko 504, kuma babu komai a kundin PHP.

Domin ba PHP ne ya fitar da su ba, Nginx ne ko wani mai tsayawa a gaba. 502 na nufin ya nemi shirin da ke baya bai samu amsa mai ma'ana ba. Kundin Nginx zai faɗi dalili da lamba: 2 na nufin fayil ɗin soket, wanda Nginx ke magana da FPM ta cikinsa, babu shi, wanda ke faruwa sosai bayan an sabunta PHP sunan soket ya canja, 13 rashin izini ne, 111 kuwa ba wanda ke sauraro, wato FPM ba ya aiki.

504 na nufin an jira an gaji. Wa'adin asali na `fastcgi_read_timeout` da `proxy_read_timeout` daƙiƙa 60 ne. Za ka ce ai PHP zai tsaya a daƙiƙa 30. A Linux, `max_execution_time` ba ya ƙirga lokacin da shiri ya ɓata yana jiran rumbun bayanai ko wata sabar, aikin kansa kawai yake ƙirgawa. Shiri na iya tsayawa minti biyar yana jira ba tare da PHP ya ce uffan ba. Ka duba kundin FPM ko akwai `server reached pm.max_children`, alamar duk ma'aikata sun maƙale. Ka kunna `slowlog` ɗinsa kuma, zai nuna layin da kowanne ya tsaya.

Me ya kamata layin rahoto ya ƙunsa?

Lokaci tare da yankinsa, kuma UTC ya fi idan sabar ta wuce ɗaya. Matakin nauyi. Lambar buƙata. Adireshin da aka nema da nau'in buƙatar. Lambar asusun mai amfani, ba sunansa ba. Ajin kuskuren, saƙonsa, da jerin kiraye-kirayen da suka kai gare shi. Rahoton da ya ce «an kasa» kawai, da shi da babu duk ɗaya.

Matakan nauyi da aka saba takwas ne, daga syslog aka gaje su, kuma PSR-3 na PHP su yake bi: daga `emergency` a sama zuwa `debug` a ƙasa. A aikace huɗu sun isa. `error` ga abin da ya gaza kuma sai mutum ya duba, `warning` ga abin da ya gaza amma shiri ya farfaɗo da kansa, `info` ga muhimman abubuwan da suka faru, `debug` ga gwaji. Nginx yana da `$request_id` da za ka iya miƙa wa shiri, don lamba ɗaya ta bayyana a kundin duka biyu.

Me kuma ba a rubutawa?

Kalmar sirri, lambar katin banki, alamar shiga asusu, kukis, da abin da ke cikin `Authorization`. Ba wanda ke rubuta su da gangan. Suna shiga ne ta hanyar zuba `$_POST` gaba ɗaya, ko ta jerin kiraye-kiraye, wanda ke nuna ƙimomin da aka miƙa wa kowane aiki. Idan haɗuwa da rumbun bayanai ta gaza, kalmar sirrinsa na iya fitowa a nan. PHP 7.4 ya kawo `zend.exception_ignore_args` don cire ƙimomin, PHP 8.2 kuma ya kawo `#[\SensitiveParameter]` don ɓoye na musamman.

Duk abin da baƙo ya rubuto abin zargi ne ko a cikin kundi. Idan ya sa alamar sabon layi a cikin sunansa, zai iya ƙirƙirar layin rahoto na bogi. Rubuta rahoto a siffar JSON yana toshe wannan. Ɓarakar Log4Shell ta Disambar 2021 ta nuna iyakar haɗarin, inda rubuta saƙon mahari a kundi kawai ya isa ya sa sabar Java ta ɗauko kod daga waje ta gudanar.

Kundin kansa kada ya zauna cikin babban fayil ɗin da sabar ke rabawa jama'a. Fayil mai suna `error_log` a gefen `index.php` kowa na iya saukewa idan ba a toshe shi ba.

Alamar `@` fa?

Guje ta. Tana rufe bakin gargaɗi, ba ta gyara komai. Tun PHP 8 ma ba ta rufe bakin kuskure mai kashe shiri. Idan dole ce, kamar goge fayil da wataƙila wani ya riga ya goge, ka duba abin da aikin ya mayar a layi na gaba.

Mene ne `headers already sent`?

Amsar HTTP tana fara da kanunta, sannan jikinta. Da zarar harafi ɗaya na jiki ya fita, ba a iya canja kanu, don haka `header()`, `setcookie()` da `session_start()` za su gaza. Saƙon da kansa yana faɗin inda fitar ta fara, a wurin da ya ce `output started at`. Masu laifin da aka saba su ne fili ko sabon layi bayan `?>`, alamar BOM da wasu editoci ke sakawa a farkon fayil ba a ganinta, ko kuma wani gargaɗi da aka buga a shafi. Cire `?>` daga ƙarshen fayilolin da PHP ne zalla.

Wannan ya shafi mai tsaron ƙarshe. Idan an riga an aika rabin shafi kafin kuskuren, ba za a iya mayar da 500 ba. Shi ya sa ake tara amsa gaba ɗaya da `ob_start()`, idan an faɗi a zubar da ita da `ob_end_clean()` a fitar da shafin kuskure mai tsabta.

Yaya ake yi da kurakuran rumbun bayanai?

Ka tabbata ana jefa su, ko da PDO ko da mysqli kake haɗa PHP da rumbun. Kafin PHP 8.0, PDO shiru yake yi sai an saita `ERRMODE_EXCEPTION`, mysqli kuma sai a 8.1 ya fara jefawa da kansa. Tsohon kod da ke duba `false` zai canja hali bayan sabuntawa.

Aikin da ya ƙunshi rubutu fiye da ɗaya, kamar cire kuɗi daga wani asusu a zuba a wani, a dunƙule shi tsakanin `beginTransaction()` da `commit()`, a sa `rollBack()` cikin `catch`, sannan a sake jefa kuskuren. A MySQL wannan yana aiki da teburan InnoDB, ba MyISAM ba, kuma umarni irin su `ALTER TABLE` suna rufe dunƙulen da kansu ba tare da sanarwa ba.

Ba duk kuskuren rumbu ne 500 ba. Lamba 1062 a MySQL na nufin ƙimar ta riga ta wanzu, wannan saƙo ne ga baƙo da 409 ko 422. Lamba 1213 kuwa cushewa ce, ayyuka biyu kowanne na jiran ɗaya, rumbun ya soke guda. Maganinta sake gudanar da dunƙulen tun daga farko, sau biyu ko uku. Ka bambance su da lamba, kada ka dogara da kalmomin saƙo, suna iya canjawa.

Idan wata sabar da nake kira ce ta gaza fa?

Fara da wa'adi. `CURLOPT_TIMEOUT` na asali sifili ne, wato jira har abada, `requests` na Python ma ba shi da wa'adi sai ka sa. Sabar waje guda da ta maƙale za ta riƙe ma'aikatanka ɗaya bayan ɗaya har shafin gaba ɗaya ya daina amsawa.

Sannan ka duba lambar amsa. `curl_exec` yana ɗaukar 500 daga can a matsayin nasara tunda amsa ta iso, haka `fetch` a JavaScript.

Sake gwadawa yana da ƙa'ida. A sake idan wa'adi ya ƙare ko an samu 502, 503 ko 429, ana ninka jira kowane karo, daƙiƙa 1, 2, 4, da ɗan bambanci don kada kowa ya dawo lokaci guda. Ba a sake 400 ko 401, amsar ba za ta canja ba. Mai haɗarin shi ne biyan kuɗi: ƙarewar wa'adi ba ta nufin ba a cire kuɗin ba, tana nufin ba ka ji amsa ba. Kada ka sake sai da lambar aiki ta musamman wadda ɗaya ɓangaren zai gane ya ƙi maimaitawa, ko bayan ka tambaye shi matsayin na farko.

An ɗora babban fayil, sai fom ya iso fanko ba tare da kuskure ba.

Iyakoki uku ne a jere. Nginx yana da `client_max_body_size`, megabait 1 na asali, wanda ya wuce ya samu 413. PHP yana da `upload_max_filesize`, megabait 2, wanda ya wuce zai iso da lamba 1 a `$_FILES[...]['error']`. Sai `post_max_size`, megabait 8, kuma idan an wuce shi `$_POST` da `$_FILES` duka fanko suke zuwa. Ana gane wannan idan `CONTENT_LENGTH` ya fi sifili amma su biyun babu komai.

A Node.js da Python haka abin yake?

Ƙa'idar ɗaya ce, tarkon ne daban. A PHP kowace buƙata tana mutuwa ita kaɗai. A Node shiri ɗaya ne ke hidimar kowa, kuskuren da ba a cafke ba yana kashe shi duka, kuma tun Node 15 alƙawarin `Promise` da ya gaza ba mai kamawa ma haka yake yi. Kada ka yi amfani da `uncaughtException` don ci gaba da aiki, domin ba ka san halin da shirin ke ciki ba. Rubuta rahoto, ka fita, systemd ko makamancinsa ya tayar da sabo. A Express, tsarin gina shafi na Node, ana gane mai kula da kuskure da ƙimominsa huɗu, `err, req, res, next`, kuma a ƙarshe ake sa shi. Express 4 ba ya kama kuskure daga aikin `async` sai ka miƙa shi ga `next` da hannu, Express 5 yana kamawa.

A Python, `except:` tsirara yana haɗiye har umarnin tsayar da shiri, a rubuta `except Exception`. A cikinsa `logger.exception()` yana haɗa jerin kiraye-kiraye da kansa, `logger.error()` ba ya yi sai an ce masa.

Kundi yana ta girma, kuma ba mai karanta shi.

Na farko aikin `logrotate` ne: juyawa kullum, wato ajiye tsohon kundi a buɗe sabo, riƙe na kwana 14 ko yadda ake buƙata, matse tsofaffi. Bayan juyawa sai an sanar da shirin ya sake buɗe fayil. Idan ka goge kundi da `rm` alhali shiri na riƙe da shi, wurin ba zai dawo ba, `df` zai ci gaba da cewa faifai a cike yake. `lsof +L1` yana nuna irin waɗannan.

Na biyu ya fi wuya. Aika imel kan kowane kuskure yana aiki har ranar da rumbun bayanai ya faɗi, saƙo dubbai su shigo cikin minti kaɗan, daga nan kowa ya koyi yin biris da su. Kayan aiki irin su Sentry suna tara kurakurai masu asali ɗaya wuri guda su ƙirga su. Ko da su ko babu, a tayar da mutum ne kawai kan sabon kuskuren da ba a taɓa gani ba, ko kan hauhawar adadin 500. Kuma a samu mai dubawa daga wajen sabar, tunda wadda ta mutu ba za ta aiko da labarin mutuwarta ba.

Ta yaya zan san duk wannan yana aiki kafin ranar da ake buƙatarsa?

Ka lalata abu da kanka a sabar gwaji mai saiti irin na ta jama'a. Yi shafi da ke jefa kuskure da gangan, wani da ke cika ƙwaƙwalwa, wani mai kuskuren nahawu. Tsayar da rumbun bayanai ka loda shafin farko. Canja adireshin sabar waje zuwa wanda ba ya amsawa ka ƙirga daƙiƙun jira. A kowanne ka duba abu huɗu: lambar da `curl -i` ya nuna, ko shafin ya tona hanyar fayil ko SQL, ko layin ya shiga kundi da lambar rahoto iri ɗaya da ta shafi, da kuma ko sanarwa ta isa ga wanda aka sa. Ka maimaita bayan kowace sabuntawar PHP, domin sabon sigar yakan zo da nasa `php.ini` a wani wuri daban, saitunan da ka yi a tsohon ba sa biyo shi.